Wadda Ba a Yi wa Gaisuwa Ba

A shekarun da nake magana Turawa ba su zo ba, kuma abu biyu ke damun mutanen Safana, ruwan sama da mahara daga Maraɗi. Na farko ana roƙon Allah ya kawo shi, na biyu ana roƙon ya ɓatar musu da hanya. Ni kuwa matashin malami ne, ina da zaure, da 'yan littattafai a gafaka, da kyakkyawan zato mai yawa game da kaina. Na yi karatun fiƙihu a Birnin Katsina har ina iya raba gadon mutumin da bai ko kwanta ciwo ba. Abin da ke faruwa a tsakar gidana ne dai ban karanto ba.

Matata 'yar Batsari ce. Ɗanmu na fari, da aka yaye shi, aka miƙa wa mahaifiyata riƙo, kamar yadda ake yi. Danga ɗaya ce ta raba sashen Inna da namu. Kowa ya san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba. Matata ta riƙe wannan har ana kwatance da ita. In za ta ambace shi sai ta ce "na wajen Inna", shi kuma yana ce mata Yaya. Ni ma ban fi ta ba. In ya shigo zaure sai in ƙura wa allo ido kamar ranar na fara ganin tawada.

Yana shekara bakwai ƙyanda ta shigo gari da bazara. Kwana shida ya yi, a ɗakin Inna, ya cika da hantsi.

Gida ya cika da masu gaisuwa. Maza suka zauna da ni a zaure, mata suka nufi ɗakin Inna, don ita ce mai ɗa a idon kowa. Matata kuwa tana bakin turmi, tana dakan gumbar sadaka, tana ɗora tukunya tana saukewa. Mata sukan wuce ta gefenta su ce, "Sannu da aiki." Ita kuma ta ce, "Yauwa, sannunku da zuwa." Haka aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in. Ba wanda ya ga hawayenta. Aka yi ta yabon haƙurinta, har ni na kawo ta misali a wajen karatu, ba tare da na faɗi ko wace ce ba, ina jin daɗin misalin.

Bayan arba'in ne abin ya fara fitowa. Ta daina cin abinci sai loma biyu. Takan zauna da mazari a hannu, auduga a cinya, tun hantsi har azahar ba zare ko kamu ɗaya. Takan wanke ƙwarya ta ajiye, ta sake ɗauka ta wanke. Na ce shafar iska ce, na duƙufa rubutu. Ta sha ba musu. Duk abin da aka ba ta takan karɓa ba musu, wannan ma ya kamata ya tsorata ni.

Wata rana da la'asar, ana cikin noman fari, aka neme ta aka rasa. Masu dawowa daga gona suka gan ta tsaye a bakin maƙabarta, ba mayafi, tana duban kaburbura ɗaya bayan ɗaya. Mace a maƙabarta, kai buɗe. Kafin magariba gari ya yanke hukunci cewa ta taɓu. Baffana, wanda shi ne babba a gidan, ya ce akwai mai magani a wani ƙauye bayan garin Zakka, yana sa irinsu a turu har iskan ya fita. Na taɓa ganin turun: gungume ne mai rami, a zura ƙafar mutum a ɗaure. Aka ce ran Juma'a bayan an sauko masallaci za a kai ta. Ban ce a'a ba. Na dai aika wa danginta a Batsari, don kada a ce ba a faɗa musu ba.

Ran Alhamis gwaggonta ta iso kan jaki. Tsohuwa ce mai sayar da daddawa, ba ta san alif ba, ba ta kuma jin tsoron wanda ya san shi. Ta shiga ta ga ɗiyarta, ta jima, sannan ta fito ta zauna a bakin zaure. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da jakin.

"Malam, an ce ka yi mata rubutu."

"Allo arba'in da ɗaya, Gwaggo."

"Madalla. To cikinta ya yi karatu. Ita fa, ka tambaye ta abin da ke damunta?"

"Na tambaya. Kullum takan ce lafiya lau."

"Kai in na ce maka ina kwana, ciwon bayanka kake zayyana mini?" Ta gyara zama. "Mi ta je nema a maƙabarta?"

Na ce ban sani ba.

"Wanda iska ya ɗauka daji yake nufa, ko rijiya. Wannan ta bi hanya sak, ta tsaya inda ɗanta yake, sai dai ba ta san wanne ne ba. Wane irin hauka ne mai sanin hanya? To faɗa mini, wa ya yi mata gaisuwa?"

Na fara lissafi: liman ya zo, mai gari ya zo, malaman garin Babban Duhu sun zo.

"Kai suka gaisar. Ita na ce."

Na sake lissafi, ban sami suna ko ɗaya ba. Da ƙyar na ce, "Gwaggo, ai ɗan fari ne."

"Ni za ka faɗa wa? A ɗakina ta haife shi. Kwana biyu tana naƙuda, ban ga kunya ta rage mata ko kaɗan ba."

Na daɗe da sanin cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa ya rasu. Na karantar da wannan ga manyan ɗalibai, na yi bayani mai daɗi. Ban taɓa shiga da shi cikin gida ba.

Gwaggo ta ce, "Tashi ka shiga. Kada ka ɗauki allo. Kada ka ce mata ta yi haƙuri, ta yi shi har ya kusa kashe ta. In ta yi shiru, kai ma ka yi shiru. Na san nan ne za ka sha wuya."

Na same ta zaune a bakin gado. Na zauna a ƙasa kan tabarma, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Na zo yi miki gaisuwa ne. Ya muka ji da rashin ɗanki?" Sai na faɗi sunansa. Tun ranar suna bakina bai furta shi a gabanta ba.

Ta dube ni kamar na yi saɓo. Can sai ta fashe da kuka. Kukan da ta yi ban taɓa jin irinsa ba, kuma sau uku ina kama harshena yana shirin yin wa'azi. Da ya lafa ta fara magana. Ashe ta san tabon da ke gwiwarsa da ranar da ya same shi. Ashe takan tsaya a jikin danga ta leƙa shi yana cin tuwo, kuma naman da ke ɓoye a ƙasan akushin Inna ba don Inna take sawa ba. Kwana shidan nan tana jin tarinsa, ba ta shiga ba sai da ƙoƙon kunu, ta ajiye ta fito.

Sannan ta ce, "Malam, ya san ni ce?"

Sai na je na kira Inna. Tsohuwa ta shigo, ta zauna kusa da ita, ta ce, "Ya sani mana. Bara ya tambaye ni me ya sa Yaya ba ta dubansa. Na ce don ita ta haife ka. Ya yi dariya ya ce shi ma ai ta danga yake dubanta." Suka riƙe juna, na fita na ba su wuri.

Washegari Baffa ya zo da jaki da igiya. Na ce masa an fasa. Ya ce in ta sake fita fa? Na ce in za ta fita ni zan raka ta. Ya ce karatu ya yi mini yawa, wanda gaskiya ne, sai dai ba ta inda yake nufi ba. Da sassafe ran Asabar na kai ta bakin maƙabarta, da mayafinta, muka tsaya daga nesa, na nuna mata wurin, muka yi addu'a.

Ba a ranar ta warke ba. Gwaggo ta yi wata biyu tare da mu. Ba ta barinta ita kaɗai, suna kaɗi tare, suna ci a ƙwarya ɗaya, in ranar kuka ce a yi kuka. Ban daina yi mata addu'a ba, na dai ƙara da zama in saurara. Akwai ranakun da ta koma shiru har gabana ya faɗi. Sai wajen kaka, ana yankan gero, na ji tana yi mini faɗa a kan na bar akuya ta shiga rumbu, faɗa sosai, da ƙarfinta. Ban taɓa jin daɗin faɗa kamar wannan ba.

Daga baya aka ba ni limanci. Duk gidan da aka yi rashi, kafin in zauna nakan tambayi wa ke bakin turmi, in sa a tura mata dattijuwa. Wasu sun ɗauka sabon salo ne na kawo daga Birni.

Ita kuwa har ta koma ga Allah ba ta kira sunan yaron a gaban mutane ba, don kunya ba ta bar ta ba. Amma in mu biyu ne a inuwar rumbu, ita da audugarta, ni da littafin da ba na karantawa, mukan kira shi yadda muke so.