Ƙarƙashin Tabarmar Gwaggo

Shekarar da bankin da ake zuba mana albashi ya ba ni katin bashi, kaina ya kumbura. Katin nan ba irin na cire kuɗi ba ne da kowa ya sani. Kai dai ka saya, a zura shi a POS, ƙarshen wata su zare nasu daga albashi. Man mota, cefane, aski, har tsiren da nake tsayawa saya in na taso daga ofis a Kaduna, muddin akwai na'ura a wurin, katin nake miƙawa. Aljihuna fayau, amma ina jin kaina wani wayayye. Har cewa nake yi wa matata kuɗin takarda ƙazanta ne, duk sun sha gumi da manja. Ita kuwa sai ta ce, "Allah ya kai mu ranar da za ka nemi ƙazantar." Maganar na ba ni haushi, don matata ba ta cika faɗin abu ya tashi a banza ba.

Ina da gwaggo a Gubuchi, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata. Babana take kirana, saboda sunan mahaifinta aka sa mini. Ba ta da ɗa a raye, ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi. Maƙwabta ne ke riƙe da ita. Matar mai rake da suke katanga ɗaya ita ke kai mata tuwon dare, wata ta ɗebo ruwa, wata ta kai mata daddawar da take yi kasuwa ta sayar.

A wurinmu ba a miƙa wa babba kuɗi hannu da hannu kamar ana biyan lebura. In ka zo sallama sai ka tsuguna, ka ɗaga gefen tabarma, ka tura abin da ya samu, ba ka ce komai ba. Bayan ka tafi Gwaggo za ta kira maƙwabta a ɗaga tabarmar a gabansu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya: ke sayi gishiri, ke sayi goro. Da wannan take rama alherin da ake yi mata, kuma ranar ce kaɗai take zama mai bayarwa.

Wata Asabar da damina na shirya zuwa. Na cika bayan mota da madara, sukari, sabulu da turmin atamfa, duk da katin. A Makarfi na ga masu POS jere ƙarƙashin lema, mutane sun yi musu cincirindo. Na ce a raina, wa zai tsaya cikin wannan turmutsutsu, ai akwai mai shago a Gubuchi da ke da na'ura, ya zura katin ya ba ni kuɗin da zan sa a ƙarƙashin tabarma. Na taka mota na wuce.

Mai shagon ya karɓi katin ya zura, ya cire, ya goge a rigarsa, ya fita waje ya ɗaga na'urar sama. Sannan ya ce, "Alhaji, sabis fa tun ruwan jiya ya ɗauke."

Na hau shi da faɗa, wai me ya sa zai ajiye na'urar da ba ta aiki. Ya bari na gama tas, ya ce, "To Alhaji, ni na ɗauke shi?"

Na laluba aljihu, na duba cikin mota, ko naira biyar babu.

Gwaggo ta rasa inda za ta sa ni don murna. Ta shafa fuskata, ta ce na rame, alhali ƙiba na yi. Aka dama fura, aka yi dambu da zogale. Matan unguwa suka yi ta shigowa gaisuwa. Matar mai rake ta ce, "Ɗan Gwaggo na Kaduna ya zo, yau miyar kowa za ta ji gishiri." Aka kwashe da dariya, har da ni. Kayan da na kawo aka shigar ɗaki. Su na Gwaggo ne, ba wanda ya sa musu rai.

Bayan la'asar, da gidan ya rage daga ni sai ita, na tsuguna a gabanta.

"Gwaggo, yau ban zo da kuɗi a hannu ba. Kati nake amfani da shi yanzu, kuma na'urar garin nan ta ƙi."

Ta miƙo hannu na sa mata shi. Ta juya shi, ta latsa gefensa da farce.

"Wannan ne kuɗin naku yanzu?"

"Shi ne, Gwaggo."

"Ana iya gutsura wa mutum?"

"A'a."

"To mayar aljihu, Babana, kada ya faɗi."

Na yi ta rantsuwa cewa ranar Litinin zan turo ta hannun mai shago. Ta ce Allah ya kai mu, ta yi ta sa mini albarka har kunya ta hana ni ɗaga kai.

Sai da na isa bakin mota na tuna na bar makulli kusa da randa. Na koma. Ina cikin zaure, ta gefen labulen buhu, na hango ta. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da kuɗin daddawarta, tsofaffin takardu duk sun yamutse. Tana ɗora su a cinya tana lallashe su da tafin hannu don su miƙe, su yi kama da kuɗin birni. Ta ɗaga gefen tabarma ta tura, ta gyara zama, sannan ta ɗaga murya ta kan katanga.

"Ke, zo ki ɗaga mini tabarmar nan, gwiwata ta ƙi. Mu ga abin da Babana ya bari."

Na maƙale a bayan ƙofar zaure kamar ɓarawo, matan unguwa suka shigo suka wuce ni. Ina jin rabon, ke sayi gishiri, ke sayi goro. Ina jin ana yi mini addu'a, Allah ya ƙara buɗi, Allah ya raya zuri'a. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Amma mota ba ta tashi ba makulli, dole na yi sallama na shiga.

Gwaggo ta juyo wajen muryata. Ba ta ko yi ɗar ba. Ta laluba makullin ta miƙo mini, ta ce, "Babana ke nan, mantuwa sai ka ce mai sunansa."

Matar mai rake ta durƙusa, takardar kuɗin na hannunta. Daga inda nake tsaye ina jin warin daddawa a jikin takardar, kuma ita ma hanci gare ta. Ta kalli Gwaggo, ta kalle ni, ta ce, "Mun ga saƙo, Alhaji. Mun gode, Allah ya saka da alheri."

Gwaggo ta zuba mini idanunta marasa gani sosai, tana jira kada in tona mata asiri.

Na ce, "Ba komai."