Ranar da Inna Ta Ambaci Sunana a Mayahi

Hawandawaki zuwa Tasawa

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Talata muka bar gida, ni da Inna, kowa bisa kabu-kabunsa. Rajistar maniyyata aikin hajji ta koma ta intanet, kuma Laraba ƙarfe huɗu za a rufe. In ta wuce sai baɗi, ga ƙafafun Inna sun fara gardama.

Yashi ya kayar da mai babur ɗina sau biyu. Daga bakin kwalta muka shiga mota, jika guda kowa. A shingen jandarma aka duba katinmu, aka ce wa Inna ta sa su cikin addu'a.

Ƙarfe tara muna bakin biro, ofishin rajista na Tasawa. Ma'aikacin ya nuna mana ordinatar, wato kwamfuta, sabuwa fil, an lulluɓe ta da zane.

"Babu rezo, Malam. Tun jiya."

"Mi ne ne rezo?" in ji Inna.

Na ce iska ce mai kai takarda Yamai. Ta dubi bishiyoyi suna kaɗawa, ta ce to wannan fa?

Muka yi zaman jira har la'asar, muka sha fura ta dala arba'in, muka kwana gidan ƙanena.

Mayahi

Da safe wani direba ya rantse mana rezon Mayahi na aiki. Muka tashi ƙarfe bakwai, muka isa goma saura, bayan taya ta yi faci. Can kuma rezo akwai, wuta ce babu. Sai uku da rabi aka tada janareto.

Na bi Inna zan shiga, wata ma'aikaciya ta tare ni.

"Confidentiel ne, Malam. Sirrin mutum nashi ne. Ita ɗaya."

Na koma gindin taga. Tagar ba gilashi, mu wajen ashirin muna sauraron sirrin Inna, har da mai sayar da rake. Aka tambayi shekarunta, wani tsoho daga waje ya gyara mata.

"Inna, wa za a kira in wani abu ya same ki?" in ji ma'aikaciyar.

"Yaron nan na waje."

"Sunanshi?"

Ni ne ɗan farinta, kuma shekarata arba'in da shida ban taɓa jin sunana a bakinta ba, don kunya. "Kai" nake, ko "wancan".

"Ɗiyata, leƙa ki tambai shi mana."

"Ke za ki hwaɗa, Inna, haka doka ta ce. Saura minti goma."

"Wa za ya ji?"

"Ba kowa. Inji kaɗai."

Mutanen taga suka kasa kunne. Na buɗe baki zan faɗa da kaina, mai rake ya riƙe mini hannu. Can na ji ta, murya ƙasa-ƙasa:

"Issufu."

Wallahi sai na juya fuska ga bango, ƙato da furfura, ina share ido da hula.

Gida

Da takardarta ta fito, ba ta dube ni ba. Muka kwana Tasawa, muka iso gida Alhamis kafin azahar. Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya maido mu, na gode wa ƙanena da direban da bai yi mana ƙarya ba.

A ƙofar gida Inna ta tsaya.

"Kai. Abin da na hwaɗa ma injin nan, an ce ba wanda ya ji ko?"

Na ce ba wanda ya ji, Inna.