Faifai Mai Baƙin Zare

Ni ce nake fara dawowa daga makaranta a gidanmu, domin lungu uku ne kawai tsakanin makarantarmu da ƙofar gidanmu a Yakasai. Ƙarfe biyu saura nake shiga soro. A lokacin Baba yana kasuwa, Umma ta ɗan kishingiɗa bayan azahar, ƙannena mata biyu kuwa sai sun tsaya sayen alewa a hanya. Shi ya sa ni kaɗai na san abin da Hajiya, mahaifiyar Baba, take yi a wannan ɗan tsakanin.

Talabijin ɗaya ce a gidan, tana falon Hajiya. A ƙarƙashinta akwai tsohuwar na'urar faifai da wani gwangwanin biskit cike da fayafayan bukukuwan dangi: aure, suna, saukar karatu, dawowa daga aikin hajji. An rubuta sunan kowanne da boko. Hajiya tana karanta Alƙur'ani ba gargada, amma boko ba ta san ko a ba. Duk da haka akwai faifai guda da ba ta taɓa ɓatawa wajen nemansa. Ta naɗe gidansa da baƙin zaren kitso, zagaye uku, ta ƙulle a gefe.

Faifan ranar sunana ne. Sai dai ba ni take kallo ba. Baffa take kallo, yayan Baba, wanda ya rasu ina da shekara huɗu. Shi ne ɗanta na fari. Ba ta taɓa kama sunansa ba, yana raye ko bayan ransa. In ya zama dole ta ambace shi, sai ta ce "wancan". Umma ta ce ko ranar da aka kai shi, ba wanda ya ga hawayenta, ita ce ma take ba masu kuka haƙuri. Baffa ba ya son hoto, kuma a duk fayafayan nan ba inda ya fito sai a wannan, shi ma minti uku ne. Yana tsaye a ƙofar gida da shuɗiyar riga, yana riƙe da igiyar ragon suna, ragon yana ta fizga.

Hajiya takan jawo kujera 'yar tsugunno har gaban allon, ta rage murya, ta danna maɓallin gaba, wanda fentinsa ya goge saboda dannawa. In ta ji ƙarar takalmina sai ta kashe, ta ɗauki carbi. Da na gane haka sai na koma cire takalmi tun daga soro, in wuce kicin a hankali in zauna har ta gama. Ban gaya wa kowa ba. Ita ma ban nuna mata na sani ba.

Ina aji uku na sakandare Yayata ta gama bautar ƙasa ta dawo gida. Kwamfuta ta karanta, kuma ba ta iya zama hannu rabbana. Kwana uku da dawowarta ta buɗe gwangwanin, ta ɗaga wani faifai a hasken taga.

"Baba, dubi yadda suka kakkarce. Nan da shekara biyu ba wanda zai yi. Bari in kwashe su duka in zuba a wuri ɗaya."

"A ina?"

"Tsohuwar kwamfutar nan ta shagonka da ƙura ta rufe. Zan mai da ita saba. Ita za ta riƙe komai, talabijin kuma ta dinga jawowa daga wurinta. Ba sauran saka faifai da cirewa."

"Wato rumbu," in ji Hajiya daga kan darduma.

"Yauwa, Hajiya ta riga ku ganewa. Rumbu."

Daga ranar kowa rumbu yake ce mata. An ajiye ta a ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakalar bene, kusa da batirin sola, don kada ɗauke wuta ta dame ta. Da farko Yaya ta so su haɗu da talabijin ba tare da waya ba, amma bangon falon Hajiya na ƙasa ne, tun ginin kakan Baba, kaurinsa ya fi kamu uku. Hoto sai ya fara ya tsaya, ya fara ya tsaya. Dole aka kira mai gini ya huda bangon aka zura doguwar waya. Hajiya ta tsaya tana kallon jar ƙasa tana zubowa a kan ledar ɗakinta.

"Bangon da ya ga haihuwar ubanku, yau kin huda shi saboda kallon rawa."

"Saboda ke ne, tsohuwa. Ki zauna kamar sarauniya, komai ya zo miki."

Aikina shi ne miƙa fayafayai. In goge kowanne da tsumma mai laushi, in karanta abin da aka rubuta, Yaya ta saka a kwamfuta ta kwafe ta sa masa suna. Kwana huɗu muka yi. A rana ta uku na ɗauko mai zaren. Na riƙe shi na ɗan jima, har Yaya ta miƙo hannu ba ta juyo ba.

"Wannan kuma wane surkulle ne aka ɗaura masa?" Ta sa farce ta warware zaren ta yar. "Au, sunanki ne. Bari in rubuta: sunan sarauniyar kunya."

Ta yi dariya, ni ma na yi. Da ta fita na tsince zaren na saka a cikin littafin lissafina.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka yi gwaji. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo daga Ƙofar Mazugal da 'ya'yanta, falo ya cika. Yaya ta kunna, sai ga bukukuwan gidanmu duka a jere a kan allo, kowanne da ɗan hotonsa da sunansa a ƙasa. Aka saka bikin Gwaggo, aka yi ta ihu da ganin ɗaurin ɗankwalin zamanin da.

"Wallahi a lokacin shi ake yayi!" in ji Gwaggo. "Ku da kuke yawo kamar an naɗe ku a labule."

Sai Yaya ta tsayar da bikin a tsakiya ta koma kan jerin bukukuwan. "Ku ga wani abin kuma. Kun ga layin nan na sama? Duk abin da aka kalla yana fitowa a nan. Yana tuna har inda aka tsaya. Gobe in kin dawo, sai ki ci gaba daga nan."

Kowa ya yi ta mamaki. Ni Hajiya nake kallo. Yatsunta sun tsaya a kan carbi.

"Wato duk wanda ya kunna, zai ga abin da wanda ya riga shi ya kalla?"

"Ƙwarai kuwa. Har da minti nawa."

"To, madalla," in ji Hajiya. "Abu ya yi kyau."

Da la'asar Gwaggo za ta tafi, ta ga tsohuwar na'urar a gefe an naɗe wayarta. Ta ce tunda an yi sabo, a ba ta wannan da fayafayan, yaranta su dinga kallo. Baba ya ce ta ɗauka. Yaya ta juya wurin Hajiya, a gaban kowa.

"Hajiya, ko akwai wanda kike so a bar miki?"

"Me zan yi da tarkace? Ku kwashe."

Ina tsaye a bakin ƙofa, gwangwanin yana hannuna, ni aka ce in kai mata bakin titi. Kalma kaɗan ce ta rage in faɗa. Da na ce ni ina son na'urar, a bar mini ita, da an bari, ko da an yi mini dariya. Amma falon cike yake da mutane, kuma na san in na buɗe baki duk za su juyo su kalle ni. Na bi Gwaggo har bakin titi, na miƙa mata gwangwanin a cikin adaidaita.

Tun daga ranar, in na dawo daga makaranta sai in tarar da talabijin a kashe, Hajiya tana zaune a kan darduma tana fuskantarta. Kujerar 'yar tsugunno ta koma tsakar gida, Umma tana zama a kai in tana tankaɗe. Sabon rimot ɗin ƙarami ne, baƙi, ba rubutu a jikinsa. Sau ɗaya na ga ta ɗauka ta juya shi ta ajiye.

Na yi niyyar kunna mata. Wata rana ta shiga alwala, sai na buɗe faifan sunan don in gwada gano wurin da Baffa yake fitowa. Minti ɗaya na yi na ji motsinta na kashe. Da yamma ƙanwata ta kunna talabijin, sai ga shi a layin sama, na farko.

"Kai! Wa ya kalli sunan sarauniyar kunya?"

"Ita mana. Ta zauna ita kaɗai tana kallon kanta tana jaririya!"

"Ashe shiru-shirun nan duk son kai ne."

Har Baba sai da ya murmusa. Sati guda suna tsokanata, in na shigo sai su fara kukan jarirai. Hajiya ta dube ni sau ɗaya ta kau da kai. Ban sake taɓa shi ba. Na yi tunanin tambayar Yaya ko ana iya goge abu daga layin nan, amma na san za ta ce don me, kuma amsar ba tawa ba ce da zan bayar. Sai na ce bari a gama jarrabawa. Aka gama. Na ce bari azumi ya wuce. Ya wuce.

A cikin wannan jiran ne Hajiya ta fara laluben takalminta da ƙafa. Ta fara zuba shayi a gefen kofi. Ni na fara lura, wannan kam na gaya wa Umma. Aka kai ta asibiti, likita ya ba da maganin ɗigawa, ya ce jijiyar idon ta riga ta taɓu, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Kafin wata damina ta zagayo, haske da duhu kawai take bambancewa.

Shekara ɗaya da wata biyu bayan kafa rumbun, Yaya ta sami aiki a wani gari. Ana gobe za ta tafi ta zaunar da ni ta nuna mini yadda ake kula da shi: yadda ake kashewa a kunna, yadda ake share ƙurar fankar, yadda ake ƙara sabon biki. Can a ƙarshe, tana tattara kayanta, ta ce:

"In layin saman nan ya cika da shirme, ki danne maɓallin tsakiya ki riƙe, sai ki zaɓi cirewa. Shi ke nan."

Dannawa biyu ce. Na tsaya ina kallon rimot ɗin.

"Lafiya? Ko ba ki gane ba?"

"Na gane, Yaya."

Ranar Litinin na dawo ƙarfe biyu saura. Ban cire takalmi a soro ba. Na ɗauko kujera 'yar tsugunno daga tsakar gida na ajiye a gaban allon, na yi sallama, na kunna bikin sunana. Na tura shi gaba har wurin da maroƙi yake ɗaga murya, rago yana kuka.

Hajiya ta ɗago kai. Na kama hannunta, ta tashi ba musu, na zaunar da ita a kujerar. Ta matso da fuskarta har numfashinta yana taɓa gilashin. Baffa ba ya magana a cikin minti ukun nan. Ban taɓa lura da haka ba sai ranar. Hayaniyar mutane ce kawai, da dariyarsa sau ɗaya, gajeriya, lokacin da ragon ya kusa kayar da shi.

"Mai riƙe da igiyar nan," in ji Hajiya a hankali, "ya naɗe ta a hannu tukuna?"

"Yanzu yake naɗewa, Hajiya."

"Ya ɗago kai?"

"Bai ɗago ba... yanzu ya ɗago. Yana kallon wajen soro."

"Ni ce a wurin," ta ce. "A bayan ƙyaure."

Na bar shi yana tafiya har hoton ya koma kan masu rabon goro. Na tsayar.

"Ashe dai ke ce mai cire takalmi."

Na sunkuyar da kai, ko da yake ba ganina take yi ba.

"Bara war haka ina iya ganin launin rigar," ta ce. Ba faɗa a muryarta, kamar tana ba da labarin ruwan sama. Sai ta laluba gwiwata ta dafa. "Zai fito a layin nan nasu?"

"A'a. Na iya gogewa."

"To goge."

Yanzu ina aji biyar. Duk Litinin da Alhamis nakan kunna mata, in faɗa mata abin da ke kan allo, in goge kafin ƙannena su shigo. Na haddace minti ukun, amma ban iya ba da labarinsu yadda ya kamata ba. Nakan ce shuɗiyar riga, sai ta ce wane irin shuɗi, in rasa abin cewa. Jiya ta tambaye ni ko hular ta karkace hagu ne ko dama, ta ce ta fara mantawa. Na ce hagu. Sai ta ce in mayar baya kaɗan in sake dubawa da kyau.