Daɓen da Lirwanu Ya Ƙi Tsagawa

Lirwanu mai haɗa wuta ya haura hamsin, amma gwiwarsa ta dama ta riga shi tsufa. A Anka aka haife shi, a can kuma ya koyi sana'a wurin wani tsohon ma'aikacin lantarki, a zamanin da ake jan igiya a daidaita layi kafin a buga wa waya ƙusa ko ɗaya. Yanzu wa ke da wannan haƙuri? Da wutar gwamnati ta ja baya aikin ya mutu, ya koma gona. Sola ce ta sake ɗora shi kan tsani bayan furfura ta fito.

Tsakanin nan akwai wani aikin da bai cika son ambatawa ba. Shekarar da gubar dalma ta yi ta ɗaukar yara a ƙauyukan Abare da Yargalma, yana cikin leburorin da aka ɗauka kwasar ƙasa. Mutane sun daka dutsen zinariya mai dalma a cikin gidajensu, ƙurar ta kwanta, masu rarrafe suka kai ta baki. Sai a kankare tsakar gida, a ɗura a buhu, a zuba sabuwar ƙasa. Ɗakin da ba a iya tonawa ba tare da an rushe shi ba, sai a rufe ƙasarsa da siminti. Lirwanu bai manta ɗakunan nan ba, ko da an sake musu ƙofa da fenti.

Bana, bayan an kai amfanin gona gida, wani magidanci ɗan shekara ashirin da 'yan kai mai suna Sagir ya kira shi Abare. Zinariya ta yi wa Sagir rana, ya sayo sola da batir, ya sa magina sun ɗaga wa mahaifiyarsa Saudatu teburin girki na bulo da tayil a tsakiyar ɗakin girkinta. Saura a kai wuta teburin, don ƙaramin firiji da injin markaɗe.

"Baba, nan za ka tsaga," in ji Sagir, yana jan layi da ƙafa daga bango zuwa gindin teburin. "Ka binne waya, in sa a shafe. Ba ni son a ga ko zare. Haka ake yi Gusau."

Lirwanu ya durƙusa da ƙyar ya shafa daɓen. Simintin ya yi santsi don taku, amma a kusurwa ga shatin cokalin gini a karkace. Aikin hannunsa ne, ya gane shi.

"Wanga daɓe ba a fasa shi, ɗana."

"Mi ke ƙarƙashi, Baba? Aljani?"

"Da aljani ne da sauƙi, shi ai karatu ake yi mai. Dalma ce."

Sagir ya yi dariya. "Abin da aka yi tun ina tallar rake? Ai ta ruɓe."

"Ba ta ruɓewa. Tana nan yadda muka rufe ta. Bari in bi da wayar ta sama, kan katakon rufi, in sauko da ita cikin bututu."

"Bututu tsaye a tsakar ɗaki kamar turken jaki? Haba Baba! In gwiwa ce ta hana ka tsugunno ka faɗi, in kira Hudu, shi ma sana'arku ɗaya, kafin la'asar ya gama."

Lirwanu bai ji haushi ba. Ya sha jin irinta, ya kuma san gidajen da ya ƙi tsagawa, washegari wani ya zo da guduma ya tsaga. Ya dubi bakin ƙofa, inda Saudatu ke zaune tana tsintar shinkafa. Ya tuna ta sarai. Ranar da suka zuba simintin nan tana tsaye a wurin nan, zanen goyo a kafaɗa, ba kowa a bayanta. Amma Sagir ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta kushe kyautarsa gaban baƙo. Shi kuwa Lirwanu ba huruminsa ba ne ya buɗe abin da uwa ta rufe. Ya fara nannaɗe wayarsa yana turawa cikin jaka.

Sai ga Nusaiba, ɗiyar Sagir, wadda ba ta fara tafiya ba, ta rarrafo ta wuce kakarta. Ta kai tsakiyar ɗakin, ta zauna daidai inda ubanta ya ja layi, ta buga tafi a ƙasa, ta kai hannun baki.

Saudatu ta ajiye faifai. Ta shiga ta ɗauke yarinyar, ta goge mata yatsu ɗaya bayan ɗaya da bakin zanenta. Ba ta dubi ɗanta ba.

"Malam Lirwanu," ta ce, "gaya wa mai teburin, ƙannensa biyu nan suka yi rarrafe. Usama da Mardiyya."

Sagir ya tsaya. "Inna, ba ce mani aka yi zazzaɓi ne ya ɗauke su ba?"

Ta goya jikar ta koma kan shinkafarta.

Daga baya Sagir ya fita, ya dawo ɗauke da tsani, ya jingina a bango, ya riƙe ƙafar tsanin.

Lirwanu ya hau. Ya ja igiya kamar yadda aka koya masa, ya bi katakon rufi da waya, ya sauko da ita cikin bututun ƙarfe, ya ɗaure gindinsa a jikin bulon teburin, daɓen ko ƙwarzane bai samu ba. Ba kyau a ido, shi ma ya sani. Firijin ya kama aiki. Saudatu ta zo ta duba bututun sama da ƙasa, ta ɗaura masa tsumma, ta rataye ludayinta.

Yana haɗa kaya zai fita ya hangi tsaga a daɓen, daga bakin ƙofa, siririya kamar gashi, ta nufi tsakiyar ɗaki. Ya ja numfashi. Siminti ma tsufa yake yi.

"Sagir, magina sun rage siminti?"

"Akwai kaɗan a buhu, Baba."

"Kawo, da ruwa."

Ya ajiye jakar, ya dafa bango, ya sake durƙusawa a kan gwiwar nan.