Barcin Tagwayen Hajiya

Shekarun baya, tun babban ɗana yana goye, na yi aikin sheƙa a wani siton hatsi a Funtuwa. Da kaka motoci kan sauke masara da dawa da waken suya, mu mata mu sheƙe mu tsince tsakuwa, maza su ɗinke buhuna. Duk wadda ta taɓa aikin nan ta san ƙaiƙayi ba ya barin jariri a baya, yanzu zai hau tari, jiki ya yi ruɗu-ruɗu. Shi ya sa muka yi tsari a tsakaninmu. Kullum mace ɗaya za ta ajiye faifai ta kwashe yaran zuwa gindin mangwaron bayan sito, sauran su yi mata aikinta.

Ranar rainona abin dariya ce. Yara na ihu, ni ma saura kaɗan in taya su, har matan su leƙo suna cewa, "Amarya, yanka su kike yi ne?"

Amma akwai wata abokiyar aikinmu da ta girme ni sosai, Yaya nake ce mata. Ranar rainonta tsit kake jin gindin mangwaro. Mu yi ta sa mata albarka, muna cewa Allah ya ba ta hannun raino. Ita ta koya mini riƙon faifai, ita ta yi mini aikina lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni. Mijinta ya tafi ci-rani Kudu ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ya bar ta da yara da wani tari da ƙaiƙayi ya dasa mata a ƙirji.

Ni kuwa Allah ya yi ni da yawan duba yaro. Na lura duk ranar rainonta ɗana ba ya kama nono da kyau, sai ya ɗan tsotsa kansa ya langaɓe, ga wani ƙamshi zaƙi-zaƙi a bakinsa. Wata rana na zagaya shan ruwa, na tarar tana tsiyaya maganin mura na kemis, irin mai sa barcin nan, a kofin kunun yaran. Ba mai mura a cikinsu.

Na ce, "Yaya, don Allah ban da nawa."

Ta yi dariya ta ce, "Ɗan ɗigo ne, ƙanwata. Ke dai kin cika tsoro."

Ba a daɗe ba ciki ya yi mini nauyi na bar sito, na koma yin kitso gida-gida.

Bayan na yaye na biyun, aka haɗa ni da wata Hajiya in riƙa yi mata kitso, ma'aikaciya ce, wadda kullum take sammakon zuwa aiki Malumfashi. Tagwaye gare ta, ba su fara tafiya ba. Ranar farko da na shiga gidan, ranar hutun aikinta ce, wa zan gani tana shanya kayan jarirai? Yaya. Ta yi ƙiba, fuskarta ta washe, tarin ya lafa. Ashe ita ce mai rainon tagwayen. Muka rungume juna. Ta ce mini, "Allah ya raba ni da ƙaiƙayi, ƙanwata." Wallahi na yi mata murna har zuciyata.

Sai na shiga falo na ga tagwayen a katifa. Rana tsaka ce, janareta na ruri a jikin taga, talabijin na yi, amma ko motsi. Baki a buɗe, yawu ya jiƙa zanin gado. Na kitse kan Hajiya tas, suna nan yadda na same su. Da ta shiga ɗaki ɗauko ɗankwali, na lallaɓa na ɗan matsa tafin ƙafar ɗaya. Bai janye ba. Na sunkuya na sansana bakinsa, sai ga ƙamshin nan zaƙi-zaƙi.

Na faɗa wa maigidana. Bai ko ɗago daga kwanon tuwo ba ya ce, "Ke likita ce? Kitso aka kira ki, ki yi kitso ki fito. Idan aka kori baiwar Allah, ke za ki ci da 'ya'yanta?"

Na kira mahaifiyata a Tsiga. Ta ce, "'Yar nan, kada ki tsallake ta ki je wurin uwar ɗakinta. Same ta ku biyu, ki tuna mata Allah."

Haka na yi. Na same ta a bayan gida tana wanki, na durƙusa kusa da ita ina kame-kame, har na samu na ce yaran nan ƙanana ne, ta ji tsoron Allah ta daina. Ta tsame hannunta daga kumfa ta dube ni.

"Naki da ya sha, ya mutu ne? Ba ga shi can yana bin awaki da gudu ba?"

"Yaya, wannan kullum ne fa."

"Ke da kika kasa riƙe yara na yini guda, yau ke ce malamar raino? Ki bar ni in ci abincina, ƙanwata. Akwai abin da ba ki sani ba."

Na ɗauka barazana ce kawai. Na dawo gida abin ya hana ni sakat. In ina dama kunu in tuna, in ina salla in rasa raka'a ta nawa nake. In na ce zan faɗa, sai in ga Yaya ta koma cikin ƙura tana tari. In na ce zan yi shiru, sai in ga ranar da za a tashi yaro ya ƙi tashi, ni kuma na sani ban ce komai ba. Har ramewa na yi, maƙwabta suna tsokanata wai ko na uku ne ya shigo.

Ranar da na koma kitso, Yaya ta tafi kai niƙa. Hajiya ta zauna a ƙasa, kanta a tsakanin gwiwoyina. Da fuskarta nake kallo, na san ba zan iya ba. Ƙeyarta na yi wa magana. Na tsaga gashi, na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, barcin yaran nan ba na Allah da Annabi ba ne." Na kwashe komai na faɗa mata, tun daga gindin mangwaro.

Ina jira ta zabura, ta yi salati, ta ruga ta ɗauki 'ya'yanta. Ko gezau. Sai cewa ta yi, "Ƙarasa wannan layin, kin ja mini gashi."

Na ƙarasa. Sannan ta ce, a hankali, ba tare da ta juyo ba, "Ni nake sayo shi. Ni na ce ta riƙa ba su."

Na dakata da kitson, ita kuma ta ci gaba.

"Kin taɓa rainon tagwaye? Babansu yana Legas. In fita ba su tashi ba, in dawo da ciwon kai, wannan ya yi shiru wancan ya ɗauka. Mai kemis ya ce ba ya komai." Muryarta ta ɗan karye, sai kuma ta daure. "Wa da wa kika faɗa wa?"

Na ce maigidana ne kawai da mahaifiyata.

"Kawai," in ji ta. Ta tashi da kai rabi a kitse, ta ce in je za ta neme ni.

Ba ta sake nemana ba. Kafin sati ya zagayo na ji ta sallami Yaya, wai ba za ta zauna da mai rainon da ake yawo da zancenta a gari ba. Aka kawo mata wata daga ƙauye, wadda ba ta san kowa ba, ba wanda ya san ta. Ni da kaina na hangi sabuwar a kemis ɗin bakin titi, an miƙo mata kwalba a leda.

Da kaka ta zagayo muka yi kiciɓis da Yaya a hanyar kasuwa, faifai a hammata, gashin idonta fari fat da ƙura. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Sai da ta gama tarinta ta ce, "Sannu, likita. To, yaran sun farka?"

Ta wuce ta bar ni a durƙushe.

Daga baya Hajiya ta tashi daga garin, ban san inda ta koma ba, ban san yadda tagwayen suka ƙare ba. Ina yi musu addu'a har yau, ko sunayensu ban riƙe ba.

Mutane kan ce mini na sauke nauyi, Allah ya ga niyyata. Ina amsawa da to. Amma ni dai abin da na gani da idona shi ne, na buɗe baki sau ɗaya a rayuwata, mace ɗaya ta rasa abincinta, yaran kuma ko cokali ɗaya ba a rage musu ba. Da na yi shiru ma ban san yadda zan kwana da kaina ba. Na juya abin nan ta kowane gefe, ban ga inda zan bi in fita lafiya ba.

A da na ɗauka duk abin da ya sami yaro, in dai an kai maganar gaban uwarsa, to an kai ta ƙarshe. Karatuna bai yi nisa ba, 'yan uwa, wataƙila ku kun sani. Ni har yau ban san wurin wa ake kai kukan jariri ba, in uwarsa ce ta aika kemis.