Ladanin da ya daina amsa gaisuwa

Malam Badamasi manomin gero ne, kuma shi ne ladanin masallacin unguwarmu a Rawayya. Tun kafin a sa lasifika, muryarsa ke tashin mutanen bakin fadama. Ga shi da son gaisuwa: sai ya tambaye ka gida da gona, har jakinka bai bari ba.

Bara waccan abu ya canja. Kiran asuba ya fito ras, amma da magariba sai muryar ta koma ta hanci, ta mutu a tsakiyar kira, fatar idonsa ta sauko kamar mai gyangyaɗi. Da kansa ya lura cewa ranar da bai yi surutu ba, kiran yana kaiwa ƙarshe. Sai ya shiga tattalin murya. Ka gaishe shi, ya ɗaga maka hannu kawai.

Mutanenmu kuwa ba su rasa fassara. Alhaji Tambaya, mai faɗa a ji a kwamitin masallaci, ya ce girman kai ne, a nemi wani ladan. Abin ya ƙona mini rai, don na san bawan Allahn nan ba abin da yake ƙauna kamar kiran sallar nan.

Luba, matar Malam Badamasi, ce ta matsa suka je asibiti a Gusau. Likita ta ce jijiya ba manne take da tsoka ba, akwai 'yar tazara a tsakaninsu. A bakin jijiyar wasu sunadarai ne ke jera ƙananan ƙunshin saƙo, su sake su daidai lokacin da ake bukata, wasu kuma su karɓa a gefen tsoka. Masu karɓar ne jikinsa ke lalatawa, shi ya sa in magana ta yi yawa saƙon ba ya isa. Ta ba shi magani, ta ce zai samu sauƙi, amma sai ya haɗa da hutu.

Da Alhaji Tambaya ya zo gidansu da maganar Malam ya sauka daga ladanci, Luba ta amsa masa daga bayan zaure. "Alhaji, duk gaisuwar da ya amsa ma, daga kiran magariba ya cire ta. Wanne kaka so?"

Washegari a kan idona Alhaji ya tsaya gaban Malam Badamasi. "Ina kwana, Malam? Lahiya lau. Ina gajiya? Ba gajiya. Yi shiru abinka." Ya wuce.

Yanzu haka duk unguwa ke gaishe shi, mu tambaya mu ba kanmu amsa. Kiran magariba kuwa yana kai shi har ƙarshe.