Inna Hajo da jakinta

"Malama, sunan jakina za ki fara koya mini."

Haka Inna Hajo ta tare ni jiya a ajin yaƙi da jahilci da masallacinmu ya buɗe wa matan da 'yan bindiga suka koro Dakoro.

Na ce, "Inna, sunan mijinki Baba Idi fa?"

Ta ce, "Ranar da muka gudo, jakin nan ne ya ɗauko ni. Babanki kuwa ya riga mu isowa, har ya yi wanka!"

Baba Idi na bakin ƙofa, ya ce wai hanya ya je dubo musu.

Dole na rubuta mata sunan jakin, "Duna", a allo.

Ku fa, wa za ku fara rubutawa?